Iferuwan: Idan jami'in tsaro ya jikkata a bakin aiki, wace kotu ce za ta share masa hawaye?

A ranar 8 ga Fabrairun 2007 wasu 'yan bindiga suka afka wa sansanin sojoji da ke Iferuwan, wani gari a tsakiyar duwatsun Abzin, a arewacin jihar Agadez ta Jamhuriyar Nijar. Sojoji uku ne suka rasa rayukansu. Ƙungiyar MNJ, ƙarƙashin jagorancin Aghaly Alambo, ta ɗauki alhakin harin, kuma daga nan aka shiga tawayen da ya kai har shekarar 2009.

A watannin da suka biyo baya, nakiyoyin da aka binne a kan hanya sun zama babban tashin hankalin yankin. A watan Agustan 2007 jandarmomi huɗu suka mutu bayan motarsu ta taka nakiya a jihar ta Agadez. Kafin ƙarshen shekarar, akasarin mutanen Iferuwan sun yi gudun hijira, wasu zuwa Arlit, wasu zuwa Agadez, wasu kuma cikin duwatsu. Daga baya nakiyoyin suka isa har Maraɗi da Tawa da Yamai.

An ajiye makamai a 2009 bayan shiga tsakanin Libiya, Shugaba Mamadou Tandja kuma ya yi afuwa a watan Oktoba na wannan shekara. Jama'a suka koma gida, Bikin Abzin da ake yi a garin ya farfaɗo, har tsohon magajin garin Iferuwan, Brigi Rafini, ya zama firaminista daga 2011 zuwa 2021.

Sai dai yarjejeniyar sulhu ba ta mayar wa kowa ƙafar da nakiya ta cire. Ana yawan kawo adadin waɗanda suka mutu, a yi musu jana'iza da faretin ban girma. Wanda ya rayu da rauni, ɗan sanda ne ko jandarma ko dakaren Garde Nationale, shi ne labarinsa ke ɓacewa. Tambayar da ke gabansa ita ce: abin da hukuma za ta ba shi haƙƙinsa ne da zai iya nema a gaban alƙali, ko kuwa alfarma ce da sai manya sun ga dama?

Aiki mai haɗari a wuri mai nisa

Yaƙin ya ƙare amma haɗarin aikin bai ƙare ba. Tun 2011 Iferuwan ta zama gunduma mai zaman kanta, kuma ƙasarta ta miƙa har kan iyakar Aljeriya. A 2014 aka gano zinare a Tchibarakaten, dubban matasa suka kwarara can daga Nijar da Najeriya da Chadi da Sudan. Jami'an tsaro ne ke raka ayarin motocin da ke zirga-zirga tsakanin wuraren haƙar da biranen Arlit da Agadez, a hanyoyin da 'yan fashi suka sha tarewa.

A garin ne kuma ake kula da gandun Abzin da Tenere, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, sannan ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar barazana tun 1992. Jami'an gandun daji na sintiri a wannan fili mai faɗin gaske.

A irin wannan wuri, harsashi ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke illata jami'i. Akwai kifewar mota a kan dutse ko cikin rairayi, akwai ƙishirwa idan mota ta lalace, akwai kuma nisan asibiti, wanda ke mayar da karayar da za a iya ɗorawa ta zama naƙasa ta har abada. Daga Iferuwan zuwa Yamai, inda manyan ofisoshin ma'aikatu da kotun ƙoli suke, tafiyar sama da kilomita 1,000 ce.

Abin da dokar Nijar ta tanada

A Nijar, ma'aikacin kamfani da ya ji rauni a wurin aiki yana ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012, asusun CNSS ne kuma ke biyansa diyya. Leburan kamfanin uraniyom a Arlit, misali, ta wannan hanya zai bi.

Ma'aikatan gwamnati na dindindin ba sa cikin wannan tsari. Suna da tasu dokar, 'yan sanda kuma suna da wata ta musamman da ta shafi ɗaukarsu da ƙarin girma da ladabtarwa. Fanshon ma'aikatan gwamnati yana hannun asusun CARENI. Abin da hakan ke nufi shi ne, hukumar da ta tura jami'i aikin da ya jikkata, ita ce za ta rubuta rahoton yadda abin ya faru, likitocin gwamnati ne za su auna girman naƙasar, ofishin gwamnati ne kuma zai lissafa abin da za a biya. Idan bai gamsu ba, sai ya kai ƙarar gwamnatin da yake yi wa aiki a gaban alƙalan da ke sauraron ƙararrakin da suka shafi hukuma.

Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, matakin ƙarshe na irin waɗannan ƙararraki shi ne kotun Conseil d'Etat. Bayan juyin mulkin, sojoji sun kafa Cour d'Etat wadda ta karɓi aikinta. Wata ƙofar kuma ta rufe a ranar 29 ga Janairun 2025, lokacin da ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Kotun ECOWAS da ke Abuja tana karɓar ƙarar ɗan ƙasa kai tsaye ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba, kuma ita ce ta yanke hukunci a 2008 cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare Hadijatou Mani daga bauta.

A ɓangaren tallafi, bayan hare-haren Inates a Disambar 2019 da Chinagodrar a Janairun 2020, inda aka kashe sojoji 71 da 89, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta amince da kafa asusun waƙafi domin iyalan jami'an tsaron da suka mutu a fagen daga. Mataki ne da aka yaba. Amma tallafi daban, haƙƙin da kotu za ta iya tilasta a biya daban.

Hukuncin da ya sauya lissafi a Faransa

Tsarin shari'ar hukuma na Nijar ya samo asali ne daga Faransa, don haka abin da ya faru a can yana da amfani a sani.

Shekaru da dama kotunan Faransa suna bin wata ƙa'ida: idan ma'aikacin gwamnati ya jikkata a bakin aiki, fanshon naƙasa da aka yanka masa shi ne iyakar abin da zai samu. Ko da sakacin hukuma ne ya jawo raunin, ba shi da damar neman ƙari.

A ranar 4 ga Yulin 2003 kotun Conseil d'Etat ta Faransa ta rushe wannan ƙa'ida a shari'ar Moya-Caville, wata ma'aikaciyar asibiti a birnin Montpellier da ta kamu da rashin lafiya saboda wani sinadari da ake aiki da shi. Kotun ta ce fansho ba ya hana neman ƙarin diyya. Azabar ciwo, da lalacewar siffa, da rasa jin daɗin rayuwa, duka ana iya neman diyyarsu daban ko da hukuma ba ta yi laifi ba. Idan kuwa aka tabbatar da sakacinta, sai ta biya cikakkiyar diyya. A 2005 aka faɗaɗa wannan fahimta ta haɗa da sojoji.

Hukuncin Faransa ba ya ɗaure alƙalin Nijar. Amma ya fito da tambayar da ta shafi jami'in da ke sintiri a Abzin: idan an tura shi hanyar da aka san akwai nakiya ba tare da na'urar ganowa ba, ko a motar da aka san birkinta ya mutu, shin wannan ƙaddarar aiki ce kawai, ko akwai wanda ya kamata ya amsa tambaya?

Ba kullum kotu ke goyon bayan jami'i ba. A Ingila, bayan turmutsitsin filin wasa na Hillsborough a ranar 15 ga Afrilun 1989, a wasan Liverpool da Nottingham Forest, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 97, wasu 'yan sandan da suka yi aiki a ranar sun nemi diyyar taɓuwar ƙwaƙwalwa. A 1998 kotun ƙolin ƙasar ta lokacin ta yi watsi da buƙatarsu. Ɗaya daga cikin dalilan alƙalan shi ne, ba adalci ba ne a biya 'yan sanda alhali an riga an hana wasu dangin mamatan irin wannan diyya.

A Najeriya, mata ne suka fara buɗe ƙofa

A tsallaken iyaka, 'yan sandan Najeriya sun daɗe suna ɗanɗana irin wannan haɗari. A harin da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, rundunar ta ce mutum 185 aka kashe, 29 daga cikinsu 'yan sanda ne. A lokacin zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ce an kashe jami'ansa 22.

Duk da haka, fitattun hukunce-hukuncen da suka tabbatar da cewa kaki ba ya soke haƙƙin ɗan ƙasa sun zo ne ta hanyar shari'o'in mata.

A 2012 Mai Shari'a Steven Adah na Babbar Kotun Tarayya a Legas ya soke ƙa'ida ta 124 ta dokokin aikin ɗan sanda. Ƙa'idar ta wajabta wa 'yar sanda ta nemi izinin kwamishina a rubuce kafin ta yi aure, ta kawo sunan mijin da sana'arsa, sannan sai ta shekara uku tana aiki. Babu irin wannan sharaɗi a kan maza. Ƙungiyar WELA ta lauya Funmi Falana ce ta shigar da ƙarar.

A Janairun 2021 rundunar ta kori Omolola Olajide, wata 'yar sanda a jihar Ekiti, saboda ta samu juna biyu ba ta da aure, bisa ƙa'ida ta 127. Ta garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Akure. A Janairun 2023 Mai Shari'a D.K. Damulak ya yanke hukuncin cewa ƙa'idar nuna bambanci ce da ta saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulki, tunda ba a korar namijin da ya yi wa wata ciki, ya kuma ba da umarnin a biya ta diyyar naira miliyan 5. Bai mayar da ita aiki ba, saboda ba a riga an tabbatar da ita ba lokacin da aka kore ta.

Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya ma ta kai tata ƙarar. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta kore ta a 2022, amma a watan Mayun 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin, ta soke ƙa'idoji na 126 da 127.

Ko da mutum yana da ra'ayi na addini ko al'ada a kan ainihin abin da ya jawo shari'ar, darasin da ke ciki ya shafi kowane kurtu: dokar cikin gida ta runduna ba ta fi ƙarfin kundin tsarin mulki ba, kuma ƙaramin jami'i na iya kai Sufeto Janar kotu ya yi nasara. Abin da ya ba da wannan dama shi ne gyaran tsarin mulki na 2010, wanda sashensa na 254C ya bai wa Kotun Ma'aikata hurumin duk wata taƙaddamar aiki, har da batun lafiya da tsaron ma'aikaci.

Dokar diyya da jami'ai da yawa ba su sani ba

A 2010 ne kuma Najeriya ta kafa dokar biyan diyya ga ma'aikata, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa. Dokar ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, ta cire sojoji kaɗai. A kundin tsarin mulki kuwa, rundunar soja ta ƙunshi sojan ƙasa da na ruwa da na sama ne, 'yan sanda suna wani sashe daban. Ke nan a rubuce, dokar ba ta ware ɗan sanda ba.

Tanade-tanadenta suna da faɗi. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ba a cire ko sisi daga aljihun ma'aikaci. Ba sai an tabbatar da laifin kowa ba kafin a biya. Hatsarin da ya faru a hanyar zuwa aiki ko komawa gida yana ciki, haka ma taɓuwar ƙwaƙwalwa da wani mummunan lamari a wurin aiki ya haddasa. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya na iya samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Sai dai akwai wa'adi. Dole a sanar da mai ɗaukar aiki cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda, ko zuwa shekara uku idan akwai ƙwaƙƙwaran uzuri. Jami'in da ke kwance a asibiti, ko matar da ke cikin takaba, ba kasafai suke tuna lissafin kwanaki ba. Hukumar NSITF kanta ta sha kokawa cewa ma'aikatun gwamnati da jihohi da dama ba sa zuba kasonsu.

Hanyar da aka fi sani a rundunar ita ce inshorar rai ta bai-ɗaya. Dokar fansho ta 2014 ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara. A farkon 2023 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya ƙaddamar da rabon cekin kuɗi na sama da naira biliyan 13 ga kusan iyalai 7,000 na jami'an da suka rasu tsakanin 2012 da 2020. Wato akwai marayun da suka jira shekara goma, yayin da darajar naira ke ta zubewa.

Ko wanda ya yi nasara a kotu ma yana da sauran aiki. A 2022 Kotun Ma'aikata a Abuja ta umarci a mayar da jami'an kwas na 33 da 34 da 35 na Kwalejin 'Yan Sanda da aka yi wa ritayar dole, amma sun daɗe suna bin ofisoshi suna neman a aiwatar da hukuncin. Sannan wata tsohuwar doka ta ce sai da amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati domin biyan wanda ya ci shari'a.

Ba ƙungiya, ba murya

Malamin makaranta ko direban tanka da aka danne wa haƙƙi yana da ƙungiyar da za ta ɗaukar masa lauya. Ɗan sanda ba shi da ita. Yarjejeniya mai lamba 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar da Najeriya suka sa wa hannu, ta bar wa kowace ƙasa ta yanke ko sojoji da 'yan sanda za su kafa ƙungiya.

Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Najeriya ta hana su. Lokacin da ƙananan jami'ai suka shiga yajin aiki a watan Fabrairun 2002 saboda bashin albashi da alawus, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kira abin bore, kuma wata guda bayan haka Sufeto Janar Musiliu Smith ya rasa kujerarsa. Shi ya sa tsofaffin jami'ai ne ke fitowa titi, kamar yadda suka yi a Abuja ranar 21 ga Yulin 2025, suna neman a cire su daga tsarin fansho na karo-karo kamar yadda aka cire sojoji.

A Nijar kuma, a watan Afrilun 2025 gwamnati ta rusa ƙungiyoyin ƙwadagon jami'an kwastan da na gandun daji, bisa hujjar cewa jami'an tsaro ba su da hurumin shiga ƙungiya. A watan Agusta ta rusa ƙungiyoyin ɓangaren shari'a, ciki har da SAMAN ta alƙalai.

Masu goyon bayan haramcin suna cewa mai riƙe da bindiga bai kamata ya yi yajin aiki ba, musamman a ƙasar da ke fama da ta'addanci. Wannan hujja ce mai nauyi. Amma wasu ƙasashen sun raba tsakanin yajin aiki da samun wakilci. A ranar 2 ga Oktoban 2014 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan wani hafsan jandarma, Jean-Hugues Matelly, ta ce ana iya taƙaita 'yancin jami'an tsaro amma ba a hana su kafa ƙungiya ɗungurungum ba. A 2015 Faransa ta yi dokar da ta ba su damar kafa ƙungiyoyin kare muradunsu, ba tare da ikon yajin aiki ba. A Afirka ta Kudu, 'yan sanda na da ƙungiyar POPCRU tun 1989.

Me ya shafi wanda ba ɗan sanda ba?

Matasa da yawa a Kano ko Damagaram za su ce ɗan sanda ba abin tausayi ba ne, ganin abin da suke sha a shingayen bincike. Ƙorafin gaskiya ne. Amma jami'in da ya ga abokin aikinsa ya koma bara bayan an yanke masa ƙafa ya koyi darasi biyu: kada ya kusanci haɗari, kuma ya tara abin da zai iya tun yana da lafiya. Duka biyun a kan talaka suke ƙarewa.

Sannan waɗanda ke shiga aikin 'ya'yan talakawa ne. Idan hukuma ta yi jinkiri, nauyin magani da kuɗin makarantar yara kan dangi yake faɗawa, ciki har da 'yan uwan da ke ci-rani a Tamanrasset ko Jidda ko Turai, masu aiko da kuɗi duk wata.

Ga iyalan da ke da ɗa ko miji a kaki, abin da dokokin ƙasashen biyu suka nuna shi ne takarda ce ke magana. A tabbatar an rubuta rahoton hatsarin a ofis da kwanan wata da sunayen shaidu. A adana takardar umarnin fita aiki, da ta asibiti, da rasit na magani. A duba sunan magajin da ke cikin fayil, domin jami'ai da yawa sun rubuta sunan mahaifi tun ranar ɗaukar aiki, ba su sabunta ba bayan sun yi aure. A kuma nemi lauya tun wa'adi bai wuce ba.

Sauran aikin na hukumomi ne: a biya kuɗin inshora kan lokaci, a kai kwamitin likitoci kusa da inda jami'ai ke aiki maimakon a ce mai sanda biyu ya taso daga Abzin zuwa Yamai, a kuma bi umarnin kotu idan ta yanke hukunci. Rundunar da aikinta shi ne tilasta bin doka ita ce ta fi cancanta ta fara nuna misali a kan 'ya'yanta.